Tura kuɗi nan take ta banki a Najeriya

Tura kuɗi nan take hanya ce ta biya wadda ake cire kuɗi daga asusun mai turawa a wani banki, su shiga asusun mai karɓa a wani bankin cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Ana iya yin haka da rana ko da tsakar dare, ranar Asabar ko Lahadi, har da ranakun hutun Sallah da rassan bankuna suke rufe. A Najeriya tsarin da ke ɗaukar mafi yawan irin wannan biya shi ne NIP, wanda kamfanin NIBSS ya ƙaddamar a shekarar 2011. A bakin jama'a ana kiran wannan hanya "tiransifa", saƙon da ke sanar da mutum cewa kuɗi sun shiga asusunsa kuma ana kiransa "alat".

Tsarin yana aiki tsakanin kwamfutocin bankuna ne, ba ya jiran ma'aikaci ya zo ofis. Amma amfanin da mai karɓa zai samu ya dogara da wasu abubuwan da ke wajen banki: sabis ɗin waya da zai duba asusunsa da shi, wutar da zai yi cajin waya, da wakilin da zai ba shi tsabar kuɗi idan yana buƙata. An ga haka a fili a ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi na Jihar Katsina a shekarar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya.

Tarihi

An kafa kamfanin NIBSS a 1993, ya fara aiki a watan Yunin 1994. Babban Bankin Najeriya, wato CBN, da bankunan ƙasar masu lasisi ne suka mallake shi, kuma aikinsa shi ne haɗa bankuna da daidaita lissafin da ke tsakaninsu. Kafin zuwan NIP, wanda zai biya mutumin da ke wani banki yakan rubuta masa caki, cakin kuma ya ɗauki kwanaki kafin a wanke shi. Akwai kuma tsarin NEFT da aka fara a 2004, wanda yake tara umarnin biya ya aiwatar da su rukuni-rukuni a lokutan aiki kaɗai.

Wasu matakai sun share wa NIP hanya, wasu kuma sun faɗaɗa shi bayan ya fara. A 2011 bankuna suka koma lambar asusu ta bai ɗaya mai alƙaluma 10, wadda ake kira NUBAN. A watan Janairun 2012 CBN ya fara shirin rage yawo da tsabar kuɗi a Legas, daga baya aka kai shi sauran jihohi. A 2013 ya fitar da ƙa'idojin wakilan banki, wanda shi ne tushen sana'ar masu POS. Ranar 14 ga Fabrairun 2014 aka ƙaddamar da BVN, lamba mai alƙaluma 11 da ke haɗa dukkan asusun mutum ɗaya da hoton yatsunsa. Bayan haka kamfanonin kuɗi na waya suka shigo kasuwa: OPay a 2018, PalmPay da Kuda a 2019, sai MoMo na MTN da SmartCash na Airtel a 2022.

Alƙaluman NIBSS sun nuna cewa kuɗin da suka bi ta NIP sun kai kusan naira tiriliyan 387 a 2022, suka haura zuwa kusan tiriliyan 600 a 2023.

Yadda tsarin yake aiki

Tura kuɗi ta NIP yana bin matakai huɗu.

Na farko shi ne tambayar suna. Mai turawa zai zaɓi bankin mai karɓa, ya rubuta lambar asusunsa. Bankin mai turawa zai aika tambaya ta hannun NIBSS, bankin mai karɓa ya dawo da sunan mai asusun. Wannan ne dalilin da suna yake fitowa a fuskar waya kafin a sa lambar sirri, kuma shi ne damar ƙarshe ta gane kuskure.

Na biyu, bankin mai turawa zai cire kuɗin daga asusunsa, ya aika umarnin biya zuwa NIBSS. Kowane umarni yana da lambar shaida mai alƙaluma 30, wadda take fitowa a rasit.

Na uku, NIBSS zai miƙa umarnin ga bankin mai karɓa. Bankin zai zuba kuɗin a asusun, ya mayar da amsa cewa an yi nasara ko an ƙi karɓa. Idan amsar ta yi jinkiri, bankin mai turawa yana iya sake tambayar NIBSS matsayin umarnin.

Na huɗu shi ne daidaita lissafi tsakanin bankunan, wanda yake zuwa daga baya. A lokacin da mai karɓa ya ga kuɗi, bankinsa bai riga ya karɓi komai daga ɗaya bankin ba, ya biya ne daga aljihunsa bisa amincewa da tsarin. A wasu lokuta da aka tsara cikin yini, NIBSS yakan lissafa abin da kowane banki ya aika da abin da ya karɓa, sai a biya bambancin ta asusun da bankuna suke da su a CBN. Misali, idan masu hulɗa da banki na ɗaya sun tura naira miliyan 10 zuwa banki na biyu, masu hulɗa da na biyu kuma sun turo miliyan 7, to miliyan 3 kaɗai za su tashi daga na ɗaya zuwa na biyu. Raba biyan mutum da daidaita lissafin bankuna shi ne ya sa ake iya karɓar kuɗi ƙarfe biyun dare.

Abin da mai karɓa yake buƙata

Mai karɓa yana buƙatar asusu mai aiki a banki ko kamfanin kuɗi da ke cikin tsarin. Wannan ya haɗa da manyan bankunan kasuwanci, da bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa irin su Jaiz da TAJBank, da ƙananan bankuna irin su Moniepoint, da kamfanonin kuɗi na waya. A wasu kamfanonin, kamar OPay, lambar wayar mutum ce lambar asusunsa idan aka cire sifilin farko.

Abu biyu kaɗai ake ba mai turawa: lambar asusu da sunan banki. Karɓar kuɗi ba ya buƙatar lambar sirri, ko lambobin da ke jikin katin cirar kuɗi, ko lambar wucin gadi da banki yake aikowa ta waya. Bankuna sun sha yin gargaɗi cewa duk wanda ya nemi waɗannan da sunan zai turo kuɗi, ɗan damfara ne.

Ba a buƙatar wayar mai karɓa ta kasance a kunne. Kuɗin suna shiga asusu ko da wayar tana kashe ko ta ɓata, abin da zai jinkirta shi ne sanarwa kawai.

Matakin asusu yana iya hana kuɗi shiga. CBN ya kasa asusu gida uku bisa yawan shaidar da mai shi ya bayar. Asusun matakin farko, wanda ake buɗewa da shaida kaɗan, ba a yarda ya riƙe fiye da naira 300,000 ba, saboda haka kuɗin da za su wuce wannan iyaka suna iya komawa ko a riƙe su har sai an ɗaga matakin. A watan Disambar 2023 CBN ya ba da umarnin cewa asusun matakin farko dole ya kasance da BVN ko lambar ɗan ƙasa ta NIN, manyan matakai biyu kuma su kasance da duka biyun.

Hanyoyin turawa

Ana shiga tsarin ta manhajar banki a babbar waya, ko shafin banki na intanet, ko na'urar ATM, ko na'urar POS, ko a kan kanta a cikin banki. Akwai kuma gajerun lambobi na USSD da ake dannawa a kowace irin waya ba tare da data ba. Daga cikinsu akwai *894# na First Bank, *919# na UBA, *901# na Access, *966# na Zenith da *737# na GTBank. Wannan hanya tana da muhimmanci a karkara, inda ƙaramar waya mai madannai ta fi yawa. A 2021 NIBSS ya ƙara da NQR, inda mai saye yake ɗaukar hoton alamar da mai shago ya manna, ya biya ba tare da rubuta lambar asusu ba.

Caji da haraji

Jadawalin caji na CBN da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020 ya ƙayyade abin da banki zai karɓa a hannun mai turawa: naira 10 idan kuɗin ba su wuce 5,000 ba, naira 25 daga 5,001 zuwa 50,000, da naira 50 ga abin da ya haura 50,000. Ana ɗora harajin VAT a kan wannan caji. Tun watan Maris na 2021 kuma akwai cajin naira 6 da kwabo 98 a kan amfani da USSD.

Dokar Kuɗi ta 2020 ta kafa harajin naira 50 a kan kowane kuɗi da aka tura daga naira 10,000 zuwa sama. Da farko daga asusun mai karɓa ake cire shi, kuma a watan Disambar 2024 aka haɗa da kamfanonin kuɗi na waya. Saboda wannan ne wasu 'yan kasuwa suka saba cewa a ƙara naira 50 a kan farashi, wasu masu turawa kuma suke tsayawa a 9,999. Daga watan Janairun 2026 sabuwar dokar haraji ta mayar da shi kan mai turawa.

Ladan da mai POS yake karɓa idan zai ba da tsabar kuɗi daban yake da duk waɗannan, kuma yana hawa yana sauka gwargwadon samuwar takardun kuɗi a gari.

Alat da tabbatar da shigar kuɗi

Alat sanarwa ce kawai, ba ita ce kuɗin ba. Kuɗi suna iya shiga alat bai zo ba, kamar idan saƙon waya ya yi jinkiri ko layin da aka haɗa da asusun ya daina aiki. Haka kuma ana iya ganin alat alhali ko kwabo bai shiga ba. Wannan shi ne alat na bogi, wanda masu damfara suke amfani da shi ta hanyoyi da dama: su aiko saƙon waya mai kama da na banki, ko su nuna hoton rasit da aka gyara, ko su nuna rasit na gaskiya na wani umarni da bai yi nasara ba. Sukan zaɓi lokacin cunkoson kasuwa ko lokacin da sabis yake wahala, su matsa wa mai kaya cewa suna sauri.

Hanyar tabbatarwa ita ce mai karɓa ya duba ragowar kuɗin asusunsa da kansa, ta manhajarsa ko ta USSD ko ta na'urarsa ta POS, kafin ya miƙa kaya. Abin da wayar mai saye ta nuna ba hujja ba ce, domin tana nuna cewa an cire kuɗi ne kawai, idan ma da gaske ne. Damfara ta wannan hanya laifi ce a ƙarƙashin dokar hana zamba ta 2006 da dokar laifukan intanet ta 2015.

Akwai wata dabarar kuma da mutum zai kira ya ce ya turo kuɗi bisa kuskure, a mayar masa ta wani asusun dabam. Hanyar da ta dace da mayar da kuɗin kuskure ita ce ta banki, domin a mayar da su inda suka fito.

Idan kuɗi suka maƙale

Wani lokaci akan cire kuɗi daga mai turawa amma ba su isa ga mai karɓa ba. Yawanci hakan yana faruwa ne idan kwamfutocin ɗaya daga bankunan ba su amsa a kan lokaci ba. Ƙa'idar CBN ta 2018 a kan tura kuɗi nan take ta tanadi tarar naira 10,000 a kan bankin da ya wuce minti 4 bai zuba kuɗin da suka iso gare shi a asusun mai su ba, da tarar naira 10,000 a kan bankin da ya wuce awa 24 bai mayar wa mai turawa kuɗin da suka kasa tafiya ba.

Mai turawa ne yake kai ƙorafi bankinsa, tare da lambar shaida mai alƙaluma 30, da rana da adadin kuɗin. Mai karɓa kuma zai iya nuna bayanin asusunsa don tabbatar da cewa ba su shigo ba. Idan mako biyu suka wuce banki bai warware matsalar ba, ana iya ɗaukaka ƙorafin zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN.

A Dutsin-Ma da Kurfi

Dutsin-Ma da Kurfi ƙananan hukumomi ne masu maƙwabtaka a tsakiyar Jihar Katsina, kuma Kurfi tana kan hanyar da ta tashi daga birnin Katsina zuwa Dutsin-Ma. A Dutsin-Ma akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da madatsar ruwa ta Zobe inda ake noman rani da kamun kifi, da kasuwar mako da ke ci ranar Laraba. Ɗaliban da iyayensu ke nesa suna karɓar kuɗin abinci da na haya ta asusu. Manoma da dillalai suna karɓar kuɗin hatsi da dabbobi daga masu saye na wasu garuruwa. Iyalai da yawa kuma suna dogara da abin da 'yan ci-rani suke turowa daga Abuja, Legas ko Fatakwal. Rassan bankuna suna cikin manyan garuruwa ne, saboda haka a ƙauyuka mai POS shi ne yake mayar da kuɗin asusu tsaba. Wanda ba shi da asusu yakan ba da lambar mai POS ko ta wani ɗan'uwa a turo masa ta nan, abin da ya rataya a kan amana kaɗai. Matsalar tsaro a kan hanyoyin yankin ta ƙara sa 'yan kasuwa gudun tafiya da kuɗi masu yawa a jiki.

A watan Satumbar 2021, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar domin yaƙi da 'yan bindiga, kwanaki kaɗan bayan an yi haka a Jihar Zamfara. Dutsin-Ma da Kurfi suna cikinsu, tare da Safana, Batsari, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Jibiya, Faskari, Sabuwa, Ɗandume, Funtua, Bakori da Malumfashi. Tsarin NIP bai tsaya ba a lokacin. Wanda ke Legas yana iya turo kuɗi, kuma suna shiga asusun mutumin Kurfi cikin daƙiƙoƙi kamar kullum. Sai dai mai asusun ba ya ganin alat, ba ya iya danna USSD, na'urar mai POS kuma ba ta aiki domin da layin waya take amfani. Wanda yake son ya san ko an turo masa, ko ya ciri abin da aka turo, sai ya yi tafiya zuwa inda ba a rufe ba, kamar birnin Katsina. A watan Disambar 2021 aka fara mayar da sabis.

A farkon 2023 aka ga akasin haka. Ranar 26 ga Oktoban 2022 gwamnan CBN na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000. Sababbin sun fara yawo ranar 15 ga Disamba, aka sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Sababbin takardun ba su wadata ba. A wannan karon akwai sabis, akwai kuɗi a asusu, amma babu tsaba a hannun bankuna da masu POS, ladan cirar kuɗi kuma ya ninka sau da yawa. Masu shayi, mahauta, 'yan acaɓa da masu sayar da hatsi da a da ba sa karɓar tiransifa suka fara buɗe asusu. Yawan masu turawa a lokaci guda ya sa manhajojin bankuna da dama suka riƙa kasawa, jama'a da yawa suka koma kamfanonin kuɗi na waya. Jihohin Kaduna, Kogi da Zamfara suka kai gwamnatin tarayya ƙara, Katsina da wasu jihohin suka shiga daga baya. Ranar 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun har zuwa 31 ga Disamba, sannan a watan Nuwamba ta cire wa'adin gaba ɗaya.

A sauran ƙasashe

Najeriya tana cikin ƙasashen da suka riga wasu kafa irin wannan tsari. Birtaniya ta fara Faster Payments a 2008. Indiya ta fara IMPS a 2010, ta ƙara da UPI a 2016. Ƙasashen Turai masu amfani da kuɗin yuro sun fara nasu a watan Nuwambar 2017, Burazil kuma ta fara Pix a watan Nuwambar 2020. A Amurka bankuna masu zaman kansu sun kafa RTP a 2017, babban bankin ƙasar kuma bai ƙaddamar da nasa mai suna FedNow ba sai a watan Yulin 2023, shekara 12 bayan NIP.

NIP yana aiki da naira ne a cikin Najeriya kaɗai. Ɗan kasuwar Katsina da ke ciniki da Maraɗi ba zai iya tura sefa ta cikinsa ba. Domin biyan kuɗi tsakanin ƙasashen Afirka da kuɗaɗensu na gida aka ƙaddamar da tsarin PAPSS a birnin Accra na Ghana a watan Janairun 2022.

Kalmomin da ake amfani da su

Kalmomin "tiransifa", "alat", "rasit" da "sabis" ararru ne daga Turanci. A "tiransifa" an saka wasali tsakanin baƙaƙen farko, domin Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu a jere. Kalmar "asusu" kuwa tsohuwa ce, tana nufin ɗan tulu ko akwatin da ake tara kuɗi a ciki, sai ma'anarta ta faɗaɗa ta ɗauki na banki.

Aikatau da ake amfani da su na Hausa ne, kuma suna nuna inda kuɗin suka dosa. Mai biya yana cewa "na tura", mai karɓa kuma yana cewa "an turo min". Haka "ya shiga" da "ya shigo", ko "cire" da "ciro". Wasalin o na ƙarshe yana nuna motsi zuwa wajen mai magana, wanda shi ne aji na shida a rabe-raben aikatau na F. W. Parsons. Idan an cire kuɗi ba su isa ba ana cewa "sun maƙale", idan banki ya mayar da su kuma a ce "sun dawo".